Duffun Uhudu: Hanyar da Yaro Zai Bi Ya San Tarihin Kiɗan Duniya

Da wuya yaro ya yi shekara biyu a Islamiyya bai ji labarin yaƙin Uhudu ba. Ya san maharba hamsin da aka tsayar a kan tudu, ya san yadda Halidu ɗan Walidu ya zagayo da dawakai ta baya, ya san shahadar Sayyidina Hamza. Abin da aka fi tsallakewa shi ne ƙarar da ta cika filin a safiyar ranar: matan Ƙuraishawa a bayan sahu, kowace da duffu a hannu, suna kaɗawa suna zuga mazajensu. Maganar tana cikin littattafan sira, ba a ɓoye take ba. Mai son koya wa yaro tarihin kiɗan duniya yana da ƙofa a nan, domin wannan duffu ɗan'uwan bandirin nan ne da yaron yake gani a maulidi a Kano ko Damagaram. In aka zuba wa yaro sunayen ƙasashe da ƙarnuka, kafin gobe sun zube. In aka ba shi abu ɗaya da zai iya taɓawa, zai bi shi daga gari zuwa gari.

Murya da tafi sun riga kowane kayan kiɗa, amma ba sa barin sawu a ƙasa. Abin da ƙasa ta adana shi ne ƙashi. A 2008 masu haƙa kayan tarihi suka tono wata sarewa a kogon Hohle Fels da ke kudancin Jamus, an fere ta daga ƙashin fiffiken ungulu, mai huda biyar, an kiyasta shekarunta tsakanin 35,000 da 40,000. A Jiahu ta ƙasar Sin an sami sarewu na ƙashin wani tsuntsu dangin gauraka, masu shekara kusan 9,000, har an busa ɗaya daga ciki ta yi amo. A kudancin Iraƙi, a makabartar sarakunan birnin Ur, Bature Leonard Woolley ya tono kayan kiɗa masu tsirkiya da aka ƙawata da kan bijimi na zinariya, waɗanda aka binne wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Ugarit kuma, bakin tekun Siriya, aka sami allunan yumɓu na wajen shekara 1,400 kafin haihuwarsa, ɗauke da waƙa tare da bayanin yadda za a kaɗa ta. Ita ce mafi tsufar karin waƙa da ya zo mana a rubuce kusan cikakke.

Larabawa suna da nasu labarin asali, kuma ya kamata yaro ya ji shi, muddin an gaya masa cewa labari ne. Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya kawo cewa wai wani Lamaka daga zuriyar Ƙabila ɗan Adamu ne ya fara ƙera udu, bayan ɗansa ya mutu, ya kwaikwayi siffar ƙashin ƙafar yaron da itace ya ɗaura tsirkiya yana kuka da ita. Wai ɗansa Tubalu ne ya ƙago ganga da duffu. An kuma ce waƙar kora raƙuma ta samo asali ne ranar da Mudaru ɗan Nizaru ya faɗo daga raƙumi ya karye a hannu, yana kuka da murya mai daɗi, raƙuma suka ji suka ƙara sauri. Babu ƙashi ko allo da ya tabbatar da ko ɗaya. Amma a lura da inda masu labarin suka ɗora asalin kiɗa: makoki da tafiya.

Duffu kansa ba wani abu ne mai wuyar haɗawa ba. Katako ne aka lanƙwasa aka rufa masa fata a fuska ɗaya, kamar rariyar tankaɗen gari, wani lokaci a saƙala masa ƙananan ƙarafa. Mutum-mutumin yumɓu da aka tono a Iraƙi da Falasɗinu da tsibirin Kubrus, da zane-zanen kaburburan Fir'aunonin Masar, suna nuna shi a hannu ɗaya yawancin lokaci: hannun mace. Littafin Yahudawa ma ya ambaci 'yar'uwar Annabi Musa (AS) ta ɗauki irinsa mata suna biye da ita bayan an ƙetare teku. Ke nan matan da suka kaɗa shi a Uhudu gado suka tarar, na fiye da shekara dubu biyu.

A ƙarni na 6 na Miladiyya, kiɗan Larabawan Hijaz bai da yawan kaya. Akwai waƙar raƙumi, akwai gajerun baitocin da ake jefawa a bakin rijiya ko bakin daga, akwai kukan mata a gidan mutuwa. Masu kuɗi suna da kuyangi mawaƙa, yawancinsu daga Farisa da Rum da Habasha, kuma fadojin Hira da Gassan a arewa su ne ake koyi da su. An ruwaito cewa Nadru ɗan Harisu, wanda ya yi kaurin suna wajen adawa da Annabi (SAW), shi ya kawo wa Makka salon udu daga Hira. Da rundunar Makka ta fita zuwa Badar a 624, Ibn Ishaƙ ya kawo cewa Abu Jahli ya rantse ba za su koma ba sai sun kwana uku a can, an yanka raƙuma, an sha giya, kuyangi sun yi musu kiɗa, don Larabawa su ji su tsorata. Bai koma ba. Utba ɗan Rabi'a da ɗan'uwansa Shaiba da ɗansa Walidu ma a can suka faɗi, wato uban Hindu matar Abu Sufyan, da baffanta, da ɗan'uwanta.

Nan ne wani abu ya faru da ke bayyana zafin duffun Uhudu. Manyan Makka suka hana a yi wa matattun Badar kuka, don kada labari ya kai Madina a yi musu dariya. A al'ummar da kukan mata da baitocin makoki su ne hanyar sauke baƙin ciki, wannan hani ɗaure tukunya ne a kan wuta. Shekara guda ana haɗiye abin. Ribar ayarin da ya tsira a Badar aka zuba wajen shirin ramuwa, aka tura mawaƙa cikin ƙabilu su tayar da mutane.

A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, daidai da Maris na 625, mayaƙa 3,000 da dawakai 200 suka yi tafiyar fiye da kilomita 400 suka sauka kusa da Uhudu, dutsen da ke arewa da Masallacin Annabi da kimanin kilomita biyar. Sun zo da mata, masu sira sun ƙidaya wajen goma sha biyar, Hindu ce kan gaba. Dalilin kawo su biyu ne: namiji ba zai gudu ya bar matarsa a hannun abokan gaba ba, kuma ba zai so ya ji sunansa a bakin mata cikin jerin matsorata ba. Musulmi sun fita su 1,000, Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da 300, saura 700. A hanya Annabi (SAW) ya duba sahu ya mayar da yaran da ba su kai ba, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar mai shekara 14, da Zaidu ɗan Sabitu, da Usama ɗan Zaidu. An bar Rafi'u ɗan Hadiji saboda ya iya harbi, sai Samura ɗan Jundubu ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa, aka sa su suka kama, ya kayar da shi, shi ma aka bar shi. Duk mai koyar da yara ya san a wannan gaɓar ce idonsu ke buɗewa.

Da sahu biyu suka fuskanci juna ranar Asabar, matan suka shiga zagaya bayan mazaje da duffu. Sun fara da zuga Banu Abdud-Dar, gidan da ke riƙe da tutar Makka, sannan suka juya ga sauran da baitocin da ma'anarsu ita ce wanda ya yi gaba zai sami tarba da shimfiɗa a gida, wanda ya juya baya kuwa babu shi babu su. Masana adabin Larabci sun ce baitocin sun girmi Hindu, tsofaffin waƙoƙin yaƙi ne da mata suka gada. Zugar ta yi aiki a kan masu tuta, kuma ta cinye su: ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ɗauka ana sare su, har tutar ta faɗi ƙasa babu mai kusantarta. Ƙuraishawa suka watse, matan suka tattare tufafi suka sheƙa a guje, duffu ya yi shiru. An ruwaito cewa Abu Dujana, mai jan rawani, ya iso kan wani mai zuga ya ɗaga takobi, da ya ga mace ce sai ya janye, don takobin na Annabi (SAW) ne kuma ya girmama shi. Sauran labarin yara sun san shi. Yawancin maharba suka sauko neman ganima suka bar Abdullahi ɗan Jubairu da 'yan kaɗan, Halidu ya ga ƙofa ya shigo. Wadda ta ɗaga tutar da ta faɗi har mayaƙan Makka suka sake haɗuwa mace ce daga cikin matan nan, Amra 'yar Alƙama. Musulmi saba'in suka yi shahada.

Kuskure ne a bar yaro ya tashi da tunanin duffu kayan mutanen Makka ne kawai. A cikin garin Madina ma yana nan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ranar wata Salla Sayyidina Abubakar ya tarar da 'yan mata biyu a ɗakin Nana A'isha suna waƙar yaƙin Bu'asu, wanda Ausu da Hazraju suka gwabza 'yan shekaru kafin Hijira, ya yi musu tsawa, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su ranar idi ce. Buhari ya kawo bikin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, inda yara mata ke kaɗa duffu suna ambaton iyayensu da suka faɗi a Badar. Da ɗaya ta sa baitin da ke cewa Annabi ya san abin da zai faru gobe, Annabi (SAW) ya hana ta wannan, ya ce ta koma kan abin da take faɗa da farko. Bai karɓe duffun ba, maganar ya gyara. Daren Uhudu kuwa, masu sira sun ce ya wuce gidajen Ansar ya ji ana kukan mamata, ya ambaci cewa Hamza ba shi da masu yi masa kuka, matan Ansar suka taru suka yi, daga bisani ya hana kururuwar makoki irin ta jahiliyya. Ita kanta Hindu ta musulunta a buɗe Makka a 630, kuma an ruwaito cewa a yaƙin Yarmuk a 636 tana cikin matan da suka tare Musulmin da suka juya baya suka mayar da su fagen fama.

Waƙar nan ta tarbar Annabi (SAW) a Madina da kowane ɗan Islamiyya ya haddace darasi ce mai kyau ta bambanta abin da ya shahara da abin da ya tabbata. Mutane sun ɗauka ranar Hijira aka yi ta. Ibnul Ƙayyim ya ce wurin da aka ambata a cikinta yana kan hanyar Sham ne, ba hanyar Makka ba, don haka dawowa daga Tabuka ta fi dacewa da ita. Wasu malaman hadisi ma sun raunana ruwayar. Yaro mai shekara goma zai iya ɗaukar wannan bayani, kuma ba zai rage masa son waƙar ba.

Abin mamakin tarihi shi ne, garin da ke gindin Uhudu shi ya zama makarantar farko ta waƙar Larabci ta gwaninta. Dalilin a fili yake. Cin Farisa da Sham da Masar ya kwararo dukiya da bayi cikin Madina. Sannan mulki ya bar ta, ya koma Kufa a 656, ya koma Dimashƙa a 661. Aka bar jikokin manya da kuɗi da gidaje a kwarin Aƙiƙ, babu sarauta a hannu. Bayin da aka kawo kuwa sun zo da karin waƙar ƙasashensu a baki. Tuwais, wanda aka haifa a 632 ya rasu wajen 711, shi ake ƙirga na farkon manyan mawaƙan Madina, kuma duffu kawai yake riƙewa. Larabawa sun mai da shi abin misali na rashin sa'a, wai an haife shi ranar wafatin Annabi (SAW), an yaye shi ranar rasuwar Abubakar, ya yi aure ranar da aka kashe Usman. Wannan tsarin ya yi kyau da yawa da zai zama gaskiya. Sa'ibu Hasir, ɗan asalin Farisa, shi aka ce ya fara raka waƙar Larabci da udu a Madina, kuma ya mutu a yaƙin Harra a 683, lokacin da rundunar Yazidu ta afka wa garin. Azzatul Maila da Jamila suna buɗe gidajensu ana taruwa ana saurare. A hannun Jamila Ma'abad ya yi koyo, wanda ya rasu a Dimashƙa a 743. A Makka kuma Ibn Misjah, baƙar fata, an ce ya ɗauki kari daga bakin maginan Farisa da ke gyaran Ka'aba zamanin Abdullahi ɗan Zubairu.

Kusan duk waɗannan labarai sun zo mana ta Kitabul Agani na Abul Faraj Al-Isfahani, wanda ya rasu a 967, shekara fiye da 250 bayan Tuwais. Taska ce, amma taskar mai son labari mai daɗi. Kuma tun a lokacin malamai ba su yi shiru ba. An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a 795, game da waƙar da mutanen garinsa suka sassauta a kai, ya ce fasiƙai ne ke yin ta. Ibn Abid-Dunya ya rubuta littafi sukutum na zargin kayan wasa. A ɗaya gefen Ibn Hazm na Andalus, da ya rasu a 1064, ya halatta, Gazali kuma, da ya rasu a 1111, ya ware babi a Ihya'u yana auna hukunci da abin da ake faɗa da halin mai ji. Saɓanin ya kai shekara dubu, bai mutu ba. A ganina ɓoye wa yaro shi ba tarbiyya ba ce, don ranar da ya gano zai daina yarda da wanda ya ɓoye.

Da aka gina Bagadaza a 762, gwanintar Hijaz ta koma can. Ibrahim Al-Mausili da ɗansa Ishaƙ suka mamaye fadar Haruna Rashid da 'ya'yansa. Masana irin su Al-Kindi da Al-Farabi suka ɗauki lissafin Girkawa na tsirkiya da amo suka ɗora a kan udu, har Farabi, da ya rasu a 950, ya rubuta babban littafinsa na ilimin kiɗa. Ziryab ya bar gabas ya isa Ƙurɗuba a 822 zamanin Abdurrahman na Biyu. Ana cewa kishin malaminsa Ishaƙ ne ya kore shi, ana kuma cewa shi ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar. Zuwansa da tasirin makarantarsa sun tabbata, ƙawar labarin kuwa marubutan baya ne suka kawo ta. Daga Andalus da Sisili udu ya shiga Turai ya haifi molon da Turawa suka kaɗa ƙarnuka, rababa ta haifi dangin gogensu na farko. A littafin waƙoƙin da Sarki Alfonso na Goma na Kastil ya sa aka haɗa a ƙarni na 13, akwai zanen Musulmi da Kirista tsaye kafaɗa da kafaɗa kowa da molonsa. Duffu ma ya ƙetare: har yau a ƙauyukan gabashin Fotugal mata na kaɗa wani mai kusurwa huɗu a bukukuwansu.

Abin da Turai ta ƙara shi ne rubutu. Wajen 1025 wani malamin coci a Italiya, Guido na Arezzo, ya tsara layukan da ake ɗora amo a kai, don yaran da yake koya wa su rera abin da ba su taɓa ji ba. Daga nan aka iya haɗa muryoyi da kayan kiɗa masu yawa a takarda ɗaya. Wajen 1700 Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano a Fulorans. Kiɗan yaƙi ma bai bar Turawa ba: manyan ganguna da faifan ƙarfe na sojan Daular Usmaniyya, waɗanda suka firgita Biyana a 1683, su ne Mozart ya sa a wasansa na 1782, Beethoven kuma a babban kiɗansa na tara a 1824. A gabas, Indiya ta riƙe tsarin raga, Amir Husrau da ya rasu a 1325 ake danganta wa ƙawwali na sufaye, Sin kuma tana da ƙararrawa 65 na tagulla da aka binne da wani basarake a shekara ta 433 kafin haihuwar Annabi Isa, aka tono a 1978.

Mu dawo gida. Afirka ta Yamma ba ta jira kowa ya koya mata ganga ba. A 1068 Al-Bakri ya rubuta cewa a daular Gana ana sanar da zaman sarki da ganga ta dogon kututture da aka fafe. Ibn Baɗɗuɗa ya shiga fadar Mansa Sulaiman na Mali a 1352, ya ga tafinta Duga yana kaɗa wani abu na sanduna da ƙoƙuna a ƙarƙashi, wato balafon. Littafin Tarihin Kano ya ce zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, wani basarake Dagaci ya zo daga Barno da gangunan doki da ƙahonni da tutoci, kuma ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. Littafin an haɗa shi ne a ƙarshen ƙarni na 19 daga abin da aka gada a baki da rubutu, don haka shekarunsa kiyasi ne. Amma hanyar da yake nunawa gaskiya ce: kakaki da algaita da tambari suna da 'yan'uwa a Maroko da Tunis da Masar, kalangu da kotso da shantu da kiɗan ƙwarya kuwa na nan ne.

Jihadin 1804 ya tayar da tsohuwar muhawarar a ƙasar Hausa. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa shagala da kaɗe-kaɗe cikin aibobin sarakunan Haɓe, ya ce ganga tana da wuri idan don tara runduna ne ko sanar da tashinta da saukarta. Duk da haka da waƙa aka yaɗa karatun jihadin. Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta tsara ilimi a baitocin Fulatanci da Hausa, jajinta, wato matan da ta naɗa su koyar, suka haddace suka kai wa matan ƙauyuka a rere. Fada kuma ba ta rabu da makaɗanta ba, daga cikinta aka sami su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. Bandiri ya biyo hanyar fataken Tarabulus da Gadamas ya zauna a zawiyoyin Ƙadiriyya na Kano, Shehu Nasiru Kabara, da ya rasu a 1996, ya fito da shi fili a maukibi, ya kuma kare shi da alƙalami a gaban masu suka.

Wani reshen tarihin ya tafi da sarƙa a wuya. Bayin da aka kwasa zuwa Amurka sun tafi da sanin molon ƙwarya irin gurmi da garaya, daga nan banjo ya fito. Likita Hans Sloane ya gan shi a Jamaika wajen 1688. Bayan tawayen Stono na 1739, gwamnatin mulkin mallaka ta Karolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 ta hana bayi ganga da ƙaho, don masu gonaki sun gane ana kiran juna da su. Da aka karɓe ganga, kiɗan ya koma tafi da ƙafa da tsirkiya da murya, ya bi ta waƙoƙin gona da coci har ya zama bulus da jaz. A 1877 Edison ya ƙera na'urar da ke kama murya, a 1917 aka fitar da faifan jaz na farko, daga nan kiɗa ya daina jiran ayari. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗanmaraya Jos har Agadas da Kumasi. Finafinan Indiya suka shigo silimun Kano tun shekarun 1950, kuma kafin ƙarshen ƙarnin sai ga ƙungiyoyi irin su Ushaƙu Indiya suna ɗaukar karin waƙoƙin Bombai suna ɗora begen Annabi a kai, da bandiri a hannu.

Hausawa ma sun kai nasu Hijaz. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a Yulin 1903, dubban mabiyansa suka yi gabas. Wasu suka tsaya Mai Wurno a Sudan, wasu suka ƙetare Bahar Maliya. Ɗaya daga cikinsu, Alfa Hashim, ya zauna a Madina ya zama uban baƙin yamma har ya rasu a 1931. Zuriyar waɗannan da ta alhazan da suka riga su ita ce ke amsa sunan Hausawi a Makka da Madina da Jidda. Wasan mizmar na Hijaz, na sanduna da ganguna da tafi a zagaye da wuta, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, masu bincike da yawa suna ganin hannun 'yan Afirka mazauna can a cikinsa.

Saudiyya ta yi shekaru, musamman bayan harin Harami na 1979, tana ƙuntata kiɗa a bainar jama'a. Daga 2017 aka sake buɗe dandalin mawaƙa, a 2020 aka kafa hukumar kiɗa a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, daga baya aka shiga horar da malaman makarantun reno da firamare su koyar da shi. Malamai a can da nan sun rabu a kai kamar yadda magabatansu suka rabu. A wajenmu nauyin yana kan iyaye da 'yan malaman da suka damu, kuma kayan aikin suna kusa. Ranar hawan Daushe ko daren Juma'a a ƙofar fada, uba ya kama hannun ɗansa ya ce ya ware masa waɗanda ake busawa da waɗanda ake bugawa da masu tsirkiya, sannan a koma gida a buɗe taswira a nemo inda kowanne ya fito.